Yadda ake bin hasashen yanayi a bakin manyan tafkunan Amurka da Kanada lokacin hutun ƙarshen shekara

Wannan na 'yan uwanmu ne da karatu ko aiki ko aure ya kai su garuruwan bakin manyan tafkunan nan biyar, Superior da Mishigan da Huron da Erie da Ontario, musamman waɗanda bana ne hunturunsu na farko kuma har sun fara shirin hutun Kirsimeti da sabuwar shekara, wani zai tuƙa mota daga Bafalo zuwa Toronto wajen yayansa, wata za ta hau jirgi daga Shikago, wani kuma ba inda za shi yana ɗaki amma makaranta ta rufe kowa ya watse. Abu ɗaya nake so ya zauna maka tun yanzu, a bakin tafki lambar sanyin da wayarka ke nuna maka ba ita ce labarin ba. Labarin yana wajen iska, daga ina take busowa, da kuma ko ruwan tafkin ya daskare ko har yanzu a buɗe yake.

Mataki na farko: san gefen tafkin da kake

Buɗe taswira ka duba garinku, tafki yana yamma da kai ne ko gabas? Kar ka raina wannan tambayar fa. Ruwan tafki yana daɗewa bai huce ba bayan zafin bazara, to in busasshiyar iska mai tsananin sanyi ta gangaro daga arewacin Kanada ta bi ta kan ruwan nan mai ɗan ɗumi sai ta kwashi tururi da zafi, gajimare ya haɗu, tana isa tudu a ɗaya gefen sai ta juye shi dusar ƙanƙara. Masana yanayi suna duba bambancin zafin ruwan da na iskar da ke sama kamar kilomita ɗaya da rabi, in ya kai digiri 13 na Selshiyos to injin ya tashi. Kuma duk tsawon tafiyar da iskar ta yi a kan ruwa haka yawan abin da za ta sauke.

Da yake iskar hunturu galibi daga yamma da arewa maso yamma take zuwa, mutanen gabas da kudu maso gabashin tafki su ne ke shan ta. Shikago da Milwaukee suna yammacin tafkin Mishigan, sanyinsu ba dama amma irin wannan dusar ba ta cika binne su ba kamar Grand Rapids da Muskegon da South Bend da ke ɗaya ɓangaren. Toronto ma tana da sauƙi, amma ka ɗan hau arewa zuwa Barrie ko Owen Sound, ko ka nufi London ta jihar Ontario, sai ka shiga hannun tafkin Huron da Georgian Bay. A jihar New York akwai Watertown da Oswego da Syracuse da tsaunin Tug Hill, duk tafkin Ontario ke ciyar da su. Sai garin Erie na Pennsylvania da gabashin Cleveland.

Bafalo ita kam sai an ɗan tsaya a kanta. Tana can ƙarshen gabashin tafkin Erie, kuma tafkin dogo ne a kwance daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, to duk ranar da iska ta mike ta bi tsawonsa gaba ɗaya a kan garin take saukewa. In ta ɗan karkata kaɗan ta koma yamma, sai dusar ta zame kudu zuwa Hamburg da Orchard Park. Dusar tana zuwa ne a siririn layi, wani lokaci faɗinsa bai wuce 'yan kilomitoci ba, kamar ruwan farkon damina da zai yi wa wata unguwa dukan tsiya maƙwabciyarta ko ɗigo ba ta gani ba. A Nuwamban 2014 wasu unguwannin kudancin Bafalo sun samu kusan ƙafa 7, alhali arewacin garin 'yan inci kawai suka gani. A Nuwamban 2022 Orchard Park ta samu sama da ƙafa 6, har wasan Bills, ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Bafalo da filinta ke can, aka ɗauke aka kai Detroit. Saboda haka in abokinka ya ce maka "ai nan rana ma ake yi, taho kawai", gaskiya ya faɗa game da ƙofar gidansa, hanyar da za ka bi ce bai sani ba.

Mataki na biyu: saura sati biyu

A nan ba wanda zai iya ce maka ranar 24 ga Disamba inci kaza zai zuba, duk taswirar da ka gani a Facebook ko WhatsApp mai ja da shuɗi tana cewa bala'i na tafe nan da kwana goma sha biyu, ka wuce ta. Abin da ake iya sani a wannan nisan shi ne inda yanayin ya karkata. Cibiyar Climate Prediction Center ta NOAA, hukumar teku da yanayi ta gwamnatin Amurka, tana fitar da taswirar kwana 6 zuwa 10 da ta kwana 8 zuwa 14 kullum, shuɗi na nufin alamu sun fi nuna za a yi sanyi fiye da yadda aka saba, ja na nufin za a fi yadda aka saba ɗumi. Shuɗi mai duhu ba wai sanyin ya fi tsanani ba ne, tabbacin masu hasashen ne ya fi ƙarfi, mutane da yawa suna karanta wannan a baibai.

Sai ka duba ƙanƙarar tafki. Akwai cibiyar bincike ta NOAA a Ann Arbor da ake kira GLERL, tana nuna kashi nawa na kowane tafki ya daskare da zafin ruwansa. In tafki ya rufe da ƙanƙara tururi ya ragu, dusar ta yi sauƙi. Erie shi ne mafi rashin zurfi, matsakaicinsa kamar mita 19, shi ya sa yake riga sauran daskarewa, Ontario kuwa mai zurfi ne da wuya ya rufe duka. Matsalar ita ce ƙanƙara ba ta kai ƙololuwa sai wajen Fabrairu zuwa farkon Maris, a ƙarshen Disamba yawanci ruwan a buɗe yake. To in ka ga shuɗi a kan yankinku kuma tafki a buɗe da sauran ɗumi, fara sa ido. Kar ka soke komai tukuna, amma in yanzu za ka yanki tikiti ɗauki wanda ake iya canza masa rana, kuma ka bar wa kanka kwana ɗaya ko biyu na rara kafin ranar komawa aiki ko makaranta. Tayoyin hunturu da shebur da jaket ma yanzu ake saye, ranar da aka yi gargaɗi kantuna wayam za ka tarar.

Mataki na uku: gyara ma'auni

Wannan a gurguje. Amurka da Farenhait da inci da mil suke aiki, Kanada da Selshiyos da santimita da kilomita, in kana tsallaka iyaka sai ka riƙe duka biyun. Digiri 32 na Farenhait shi ne sifili na Selshiyos, inda ruwa ke daskarewa. Sifili na Farenhait kuwa kusan 18 ne ƙasa da sifili. Lissafin kai daga Farenhait zuwa Selshiyos: cire 30 ka raba biyu, ba daidai cif ba ne amma ya isa. Inci ɗaya santimita biyu da rabi ne, inci 12 ƙafa ɗaya, wato santimita 30.

Mataki na huɗu: saura kwana biyar zuwa uku

Yanzu aiki ya fara. Bar manhajar da ta zo da wayarka, hoton gajimare da lamba ɗaya kawai take ba ka. In kana Amurka shiga weather.gov ka sa lambar unguwarku, wato ZIP code, zai kai ka ofishin hukumar yanayi na yankinku, Bafalo na da nata, Cleveland da Grand Rapids da Marquette da Shikago duk haka. In kana Kanada sauke manhajar WeatherCAN ta gwamnati. Kuma kar ka duba garinku kaɗai, duba inda za ka, ka duba garuruwa biyu ko uku na tsakiyar hanya, don a tsakiyar nan ake maƙalewa.

A shafin weather.gov akwai jadawalin awa awa, abu huɗu za ka nema a ciki. Ɓangaren da iska ke fitowa da lokacin da za ta juya. Ƙarfin bugunta mafi girma, don dusa inci uku da iska mai gudun mil 50 a awa ta fi inci goma ba iska haɗari nesa ba kusa ba, iskar ce ke kwashe dusar ƙasa ta watsa ta har ka kasa ganin bonet ɗin motarka. Sai lokacin da sanyi zai faɗo ƙasa da daskarewa, musamman in ruwan sama ya riga shi, don titi a jiƙe zai zama gilashi cikin awa ɗaya. Na huɗu shi ne sanyin da jiki ke ji in an haɗa da iska, in ya kai 28 ƙasa da sifili na Selshiyos fatar da ke waje tana iya daskarewa cikin minti 30 ko ƙasa da haka.

A ƙasan shafin akwai wani rubutu da ake kira Forecast Discussion, ni a ganina ya fi komai amfani a wurin duk da cewa Turancinsa na masana ne. Nan ne ma'aikacin da ke bakin aiki yake rubuta abin da ya tabbatar da abin da yake shakka, zai ce layin dusar zai tsaya kudu da gari har dare sannan ya hau arewa, ko ya ce na'urorin hasashen ba su yarda da juna ba. Ko ba ka gane rabinsa ba, nemi sunan garinku da sunan babbar hanyarku a ciki.

Sunayen gargaɗin kuma dole ka san su yadda za su faɗo maka a waya. Watch na nufin akwai yiwuwa, yawanci kwana ɗaya zuwa uku kafin abin, lokacin shiri ke nan. Warning na nufin ya iso ko yana bakin ƙofa. Advisory abin zai takura amma bai kai na Warning ba. Lake Effect Snow Warning shi ne na dusar tafki, a Kanada Snow Squall Warning suke cewa. Blizzard Warning shi ne babba, a Amurka ana sa shi ne in ana sa ran iskar mil 35 a awa ko fiye, gani ya gaza rubu'in mil, wato mita 400, har tsawon awa 3 ko fiye. Tun Oktoban 2024 gargaɗin tsananin sanyi a Amurka ya koma Extreme Cold Warning da Cold Weather Advisory, in ka ga tsohon suna, Wind Chill Warning ko Wind Chill Advisory, a wani shafi to shafin ne ya tsufa.

Mataki na biyar: yanke shawara, kafin ko bayan

Zaɓi biyu ne, ka tafi kwana ɗaya kafin lokacin da gargaɗi zai fara, ko ka zauna sai an share hanya. "Bari in yi sammako in riga shi" ba zaɓi ba ne.

Abin da ya faru a Bafalo a Disamban 2022 ya isa misali. Kwanaki kafin nan hukumar yanayi tana ta faɗa cewa guguwa ce irin wadda ba a saba gani ba. Safiyar Juma'a 23 ga wata aka tashi da ruwan sama da ɗan ɗumi, mutane suka fita aiki da cefanen biki, kafin hantsi ya yi nisa sanyi ya faɗo, iska ta haura mil 70 a awa, gari ya koma fari fat. Da aka sa dokar hana tuƙi da safiyar nan da yawa sun riga sun fita. Guguwar ta yi awa 37 tana abu ɗaya, filin jirgin sama ya samu sama da inci 50 kuma bai buɗe ba sai 28 ga wata, akwai lokacin da motocin kashe gobara da na asibiti su kansu suka maƙale, ka kira 911 ba mai iya zuwa. Sama da mutum 40 suka rasu a yankin, Allah ya kyauta, wasu a cikin mota, wasu a kan titi sun fita da ƙafa, wasu a gidajen da wuta ta ɗauke, wasu kuma zuciya ce ta buga suna kwasar dusa. A ƙarshen Disamban 2022 ɗin ne kuma kamfanin jirgin sama na Southwest ya soke tashin jirage sama da dubu 16 a faɗin ƙasar.

Saboda haka da ka ga Watch ka gama fitarka. Abinci na kwana uku zuwa biyar wanda wasunsa ba sa buƙatar girki, burodi, dabino, gyaɗa, garin kwaki da suga, kifin gwangwani, ruwan sha. Maganin hawan jini ko na ciwon suga, madarar jariri da kunzugu. In naman halal kake saye a wani shago mai nisa je ka yau. Mai juna biyu da ta kusa, ko mai wankin ƙoda, su kira asibiti tun yanzu a tsara. In jirgi za ka hau duba shafin kamfanin, galibi in guguwa na tafe suna barin mutum ya canza rana kyauta, kuma a dokar Amurka in su suka soke tashi ka ce ka fasa, kuɗinka za su maido maka.

Mataki na shida: gida

Caja waya da abin ajiye caji, tanadi tocila da batir, tara barguna a ɗaki ɗaya da za ku taru in wuta ta ɗauke, a toshe ƙasan ƙofa da tawul. Bar famfo yana ɗan ɗiga in sanyi ya tsananta don kar bututu ya daskare ya fashe. In tafiya za ka yi kar ka kashe hita don tsimin kuɗi, bar ta a digiri 55 na Farenhait, kusan 13 na Selshiyos.

Ga wanda ya fi damuna game da mutanenmu. Mun saba in hunturu ya matsa a hura gawayi a kasko a shigo da shi ɗaki, a gida ma hakan na kashe mutane, balle a gidajen can da aka like ko'ina iska ba ta shiga. Gawayi, murhun gashi, buɗe oven ɗin gas don ɗumama ɗaki, janareta a gareji ko a bakin taga, duk suna fitar da iskar guba da ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai da jiri da bacci kawai za ka ji. Janareta a waje yake zama, aƙalla ƙafa 20 daga gida. Tabbatar akwai na'urar da ke ƙara in ta ji wannan iskar kuma batirinta na aiki, in haya kake tambayi mai gidan. Sannan gidaje da yawa bututun hayaƙin hitarsu a jikin bango yake kusa da ƙasa, gano inda naku yake tun kafin dusa, ka riƙa share bakinsa, in ya toshe hayaƙin cikin gida yake dawowa.

Mataki na bakwai: in dole sai ka hau hanya

Duba 511 na jiharku, akwai 511NY akwai Ontario 511, suna nuna hanyar da aka rufe da hotunan kyamara kai tsaye. Babbar hanyar I-90 tsakanin Bafalo da garin Erie ana rufe ta in abu ya yi tsanani, haka gadojin iyaka irin su Peace Bridge, a Ontario kuma hanyar 400 da 402 da 21 sun yi suna. Bambance shawara da doka, in ƙaramar hukuma ta ce Travel Advisory jan kunne ne, in ta ce Travel Ban ko Driving Ban to haramci ne har da tara, kuma motarka da za ta maƙale ita za ta tare wa motar asibiti hanya.

Tanki kar ya sauka ƙasa da rabi. Ruwan waifa na hunturu, wanda ba ya daskarewa. A cikin mota, ba can but kaɗai ba, a samu bargo, ruwa, abin taunawa, caja, tocila, ƙaramin shebur, abin kankare gilashi, wayar tada batir, da ɗan buhun yashi na zubawa ƙarƙashin taya. Share motar duka har rufinta, kuma kar ka zuba wa gilashi ruwan zafi, tsagewa zai yi. Faɗa wa wani hanyar da za ka bi da lokacin da kake sa ran isa.

In ka hango farin bango a gabanka rage gudu tun kafin ka shiga, a hankali ba taka burki da ƙarfi ba, kunna ƙaramar fitila don babbar hasken dawo maka take yi, ba da tazara sosai, kar ka tsaya a tsakiyar titi, nemi mafita ta farko ka shiga gidan mai ko wani shago ka jira. Gada tana riga titi daskarewa. Motar share dusa kuma ba a wuce ta, bayanta ne wuri mafi kyau a titin.

In ka maƙale zauna a mota. Mutum yana iya ɓacewa tsakanin motarsa da gidan da ke gabansa in gari ya yi fari. Kira 911 ka faɗi inda kake, ɗaura wani tsumma mai launi a ƙofa, fita ka share bakin salansa sannan ka kunna inji kamar minti 10 a kowace awa, gilashi a ɗan buɗe, duk lokacin da za ka sake kunnawa sake duba salansar.

Mataki na takwas: jiki, da maganar sallah

Kaya hawa hawa, na ciki mai kama jiki wanda ba auduga ba don auduga in ta sha gumi sanyi take riƙewa, sai suwaita, sai jaket mai tare iska. Hula mai rufe kunne, safar hannu, takalmi mai tudu da ruwa ba ya shiga. Kaftani da silifas a bari sai cikin gida, 'yan uwa mata a sa wandon sanyi ƙarƙashin abaya. In yatsa ko kunne ya mutu ya yi fari ko toka toka kar a murza, kar a kanga a hita, ruwa mai ɗumi ba mai zafi ba, sai asibiti. Wanda ya fara rawar ɗari maganarsa na harɗewa yana jin bacci, a cire masa jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi a kira 911.

Rana gajera ce a ƙarshen Disamba, a Bafalo kafin ƙarfe 5 na yamma magariba ta yi, to lissafa tuƙinka ya ƙare da sauran haske. In ka yi alwala goge jikinka sosai kafin ka leƙa waje. Ranar da aka hana tuƙi kuwa ko Juma'a ce yi sallarka a gida, addini ya yi rangwame a kan tsananin sanyi da ruwa, masallatan can ma sukan sanar sun rufe, duba saƙonsu kafin ka ɗauki makulli.

Mataki na tara: bayan ta lafa

Rana ta fito ba yana nufin an gama ba, layin dusar tafki yana tafiya ya dawo in iska ta juya, duba radar da lokacin ƙarewar gargaɗin tukuna. Wajen kwasa fara da bututun hita da ƙofa, sannan hanyar mota. Tura dusar ake yi ba ɗagawa ba, kaɗan kaɗan da hutu, mai ciwon zuciya ko hawan jini ko wanda shekaru suka ja ya bar wa samari, in ƙirji ya ɗaure ko numfashi ya yi wuya ajiye shebur ka kira 911. Kar ka kunna motar da dusa ta binne ka zaunar da yara ciki wai su ji ɗumi kana sharewa, salansa tukuna. Leƙa maƙwabcin da ke zaune shi kaɗai, ka kira sabbin ɗaliban da suka rage a hostel. Sannan duba dokar ajiye mota ta unguwarku, garuruwan nan suna da ranakun da ake sauya gefen titi don motar share dusa ta wuce, in ka bar taka a gefen da ba shi ba janye ta za su yi kuma kai za ka biya kuɗin janyewar.